Lithiyam ya fi kowa ƙarfi a lissafi, me ya sa yake sanyin jiki a ruwa?

Malamar SS2
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu. Littafin sakandare ya ce a rukuni na 1 na jadawalin sinadarai, zafin nama ƙaruwa yake idan ana gangarowa: lithiyam, sodiyam, fotasiyam, rubidiyam, siziyam. Amma a babin lantarki na littafin nan dai, an jera ƙarafa bisa ƙarfin sakin ilektiron, sai ga lithiyam a sama da −3.04 V, fotasiyam −2.93 V, sodiyam −2.71 V. Wato wanda ya fi sanyin jiki a ruwa shi ne na ɗaya, sodiyam kuma da ke tsakiyarsu ya koma ƙarshe. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa zai ce tufka da warwara ake yi masa. Wace amsa za a ba shi wadda ba kame-kame ba?

Tsohon Malami
Wa alaikumus salam, Malama. A fara da tushe tukuna. Duk 'yan rukuni na 1 ilektiron ɗaya tal gare su a zoben waje, kuma ba su da wani buri sai su yar da shi su zama ayon mai caji +1. Lithiyam zobe biyu gare shi, sodiyam uku, fotasiyam huɗu, siziyam shida. Duk zoben da aka ƙara, ilektiron ɗin waje ya ƙara nisa da cibiya, na ciki kuma suna kare shi daga jan furoton. Shi ya sa kuzarin da ake kashewa a fizge shi ke raguwa: lithiyam 520 kJ/mol, sodiyam 496, fotasiyam 419, rubidiyam 403, siziyam 376. Jerin nan ba gargada. Wanda ilektiron ɗinsa ya fi arhar cirewa shi ne mai zafin nama. Amsar da mai duba takardar WAEC ke nema ke nan, kuma daidai ce.

Ɗalibin Digiri na Biyu
Allah ya gafarta Malam, daidai ce, sai dai ba ta taɓa tambayar Malama ba. Lambobin da Malam ya kawo na atam ne guda ɗaya tilo a matsayin iska. Abin da ake jefawa a baho dunƙulen ƙarfe ne, inda yake ƙarewa kuma cikin ruwa ne. Tafiyar zango uku ce, kowanne da kuɗinsa na kuzari a kJ/mol.

Zangon farko, a ɓalle atam daga dunƙulen: lithiyam 159, sodiyam 107, fotasiyam 89. Na biyu, a cire ilektiron: 520, 496, 419. Waɗannan biyun biya ake yi. Na uku kuwa karɓa ake yi, domin idan ruwa ya kewaye ayon ɗin yana sakin kuzari: lithiyam 519, sodiyam 406, fotasiyam 322.

A haɗa a debe. Lithiyam 160, fotasiyam 186, sodiyam 197. Ku dubi jerin: lithiyam, fotasiyam, sodiyam. Shi ne dai jerin da ya rikita Malama. Ayon ɗin lithiyam ɗan mitsitsi ne, cajinsa a cure yake wuri ɗaya, don haka ruwa ke rungumarsa da ƙarfi har ya mayar masa da kusan duk abin da ya kashe wurin cire ilektiron.

Tsohon Malami
To ɗana, na ji lissafi. Amma in haka ne, ai lithiyam ya kamata ya tashi da wuta a baho, fotasiyam ya yi ta ninƙaya a hankali. Ido kuma ya ga akasin haka. Ba a musu da abin da ido ya gani.

Ɗalibin Digiri na Biyu
Ba musu, Malam. Kalmar zafin nama ce muke ɗora wa kaya biyu. Akwai yawan abin da za a samu a ƙarshe, akwai saurin da za a same shi. Lambar V tana magana ne kan na farko kawai, ba ruwanta da agogo.

Kamar fatauci ne. Zafin da ke fita idan mol ɗaya ya gama haɗuwa da ruwa shi ne riba: lithiyam wajen 222 kJ, fotasiyam 196, sodiyam 184. Amma sai an zuba jari kafin riba ta zo, jarin kuma shi ne zango biyun farko: lithiyam 679, sodiyam 603, fotasiyam 508. Lithiyam ya fi riba, ya kuma fi cin jari, shi ya sa cinikinsa ke tafiyar hawainiya. Ba ina cewa zangunan nan suna faruwa ɗaya bayan ɗaya a zahiri ba ne, amma jerin jarin ya yi daidai da jerin saurin da ake gani.

Mai Kula da Lab
Ku ƙara da abin da masu lissafi kan manta: narkewa. Lithiyam sai zafi ya kai digiri 180 yake narkewa, sodiyam 98, fotasiyam 63.5, rubidiyam 39, siziyam 28.5. Ruwa kuma a digiri 100 yake tafasa. Abin da ke kwance a kan ruwa da wuya ya kai 180, ruwan na kwashe zafin. Saboda haka lithiyam a dunƙulensa yake fara aiki, a dunƙulensa yake gamawa, yana ta kumfa yana ƙanƙancewa.

Sodiyam kuwa a ɗauki ɗan yanki mai milimita 3 ta kowane gefe. Nauyinsa wajen giram 0.026. Zafin da zai fitar ya kai J 200, abin da ake buƙata a narkar da shi duka bai wuce J 5 ko 6 ba. Nan take yake zama ɗan ƙwallo mai sheƙi kamar azurfa, yana gudu a kan ruwa yana tsuwa. Da ya narke, fuskarsa kullum sabuwa ce, ba ɓawon da zai tsaya tsakaninsa da ruwa. Fotasiyam ya fi shi saurin narkewa, zafin kuma na taruwa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu har ya kunna haidurojin ɗin da ke fita, a ga wuta mai launin shunayya mara duhu.

Ga wani ƙari: LiOH, haidiroksaid ɗin da lithiyam ke bari a ruwa, wajen giram 13 kawai ke narkewa a ruwa mililita 100, na sodiyam kuwa, NaOH, ya haura giram 100. Abin da lithiyam ke haifarwa ba ya saurin barin fuskarsa.

Rubidiyam da siziyam kuma, a zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke wuce digiri 40, ruwa-ruwa za a tarar da su tun a kwalba. Ba kayan makaranta ba ne ko kaɗan. Sun fi ruwa nauyi, nutsewa suke yi su fashe daga ƙasa.

Malamar SS2
Madalla, yanzu bakin zaren ya fito. Yayana Mai Kula da Lab, a taimaka da tsarin nuna wa ɗalibai gwajin sodiyam daki-daki, da wuraren da ake yin kuskure.

Mai Kula da Lab
Baho mai faɗi, a cika shi da ruwan sanyi kusan rabi ko fiye. A ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya, yana hana ƙwallon mannewa a jikin bahon, wanda idan na gilashi ne zafin kan tsaga shi. A ɗiga finolfitalin kaɗan don a ga jan-hoda na bin sawun ƙarfen, alamar NaOH ke nan. Allon kariya tsakanin baho da ɗalibai, su ja da baya mita biyu zuwa uku, kowa da tabaran kariya.

A ciro sodiyam daga mansa da busasshen hantsaki, ba da yatsa ba, gumin hannu ya ishe shi kamawa. A ɗora a kan busasshen tayil, a yanka da wuƙa. A nuna wa yara wurin yankan: fari ne fes mai ƙyalli, kafin a ƙirga goma ya dushe. A yanki kamar ƙwayar dawa, a mayar da sauran cikin mai a rufe kwalbar kafin a yi komai. A goge man da takardar tacewa, a jefa, a ja baya.

Lissafin shi ne 2Na + 2H₂O → 2NaOH + H₂. Yankin milimita 3 ɗin nan haidurojin wajen cm³ 14 zai bayar.

Inda ake kuskure: yanka babba don a burge yara. Amfani da ruwan ɗumi. Amfani da ƙaramar kwalba mai ƙunci maimakon baho. Ƙoƙarin danne sodiyam a ƙarƙashin ruwa ko kifa kwalbar gwaji a kansa don a tara iskar. Kada a yi wannan ko an gani a tsohon littafi. Sai kuma leƙawa da wuri: a ƙarshen aikin akan sami ɗan ƙwallo garai-garai na narkakken NaOH yana shawagi, ya yi shiru kamar ya gama, sai ya fashe ya fantsama. Shi ke cin ido. Fotasiyam kuma a rage girman, bai kamata ya kai ƙwayar dawa ba.

Injiniyan Ruwa
Gyara kaɗan kan fashewar. An daɗe ana koyar da cewa haidurojin ne ke kama wuta ya fashe. A 2015 ayarin Pavel Jungwirth da Philip Mason a birnin Prague suka ɗauki hoton ɗigon gaurayen sodiyam da fotasiyam da kyamara mai tsananin sauri. Suka ga tun kafin a kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ƙarfen ya fitar da tsinaye kamar bushiya. Ilektiron ne suka tsere cikin ruwa, suka bar ayon masu caji iri ɗaya suna ture juna, ƙarfen ya yage kansa, fuskarsa ta ninku. Wutar haidurojin daga baya take zuwa. Wannan ya ƙara wa maganar narkewa ƙarfi, domin ƙarfe mai ruwa-ruwa ne ke iya yagewa haka.

Tsohon Malami
Na karɓa, amma kada a kai yaran SS2 inda za su ɓace. A jarrabawa su rubuta girman atam da kuzarin cire ilektiron. Mai tambaya irin ta Malama a ja shi gefe a ba shi lissafin jari da riba.

Tunda ana rukuni na 1, bari in tuna wa zaure cewa ba baƙi ba ne a gidajenmu. Kanwa da ake kira fotash a kasuwa, yawancinta ba fotasiyam ba ce, kabonet da bayikabonet ne na sodiyam. Fotasiyam na gaskiya yana cikin ruwan toka da ake tacewa a yi sabulun gargajiya. Daga irin wannan toka sunansa ya fito, kuma daga KOH, fotasiyam haidiroksaid, Humphry Davy ya fara ware shi da lantarki a 1807, ya bi da sodiyam a shekarar. Harafin K daga kaliyum ne, asalinsa kalmar Larabci ta tokar tsirrai, wadda ita ce ta haifi kalmar alkali. A kula da lanƙwasa wurin rubutu, alkali daban, alƙali daban, ko da yake dukansu ba a wasa da su.

Mai Haɗa Magunguna
Malam ya ba ni dariya. To a shiga rukuni na 2, domin nan ne ɗalibai ke haddace abu biyu su cakuɗa su. Da ruwa dai jerin irin na rukuni na 1 ne, amma da sanyi, saboda ilektiron biyu za a cire. Beriliyam ba ya kula ruwa. Magniziyam a ruwan sanyi sai a wuni ana jiran 'yan kumfa, amma a tururi yana ci da haske ya bar farin MgO. Kalsiyam yana kumfa sosai a ruwan sanyi, ruwan ya yi fari kamar an dama alli.

Inda ake ruɗewa shi ne narkewar gishirinsu a ruwa. Haidiroksaid ƙara narkewa yake idan ana gangarowa, salfet kuwa raguwa yake. A asibiti ake ganin amfanin duka biyun. Magniziyam haidiroksaid, Mg(OH)₂, da ƙyar yake narkewa, shi ya sa ake iya shan sa a matsayin farin maganin ƙwannafi ba ya ƙona maƙogwaro. Magniziyam salfet, MgSO₄, yana narkewa sarai, shi ake yi wa mai ciki allurarsa idan jijjiga ta kama ta. Bariyam salfet kuwa, BaSO₄, ba ya narkewa sam, har ana dama shi a ba mutum ya sha kafin hoton hanji, alhali ayon ɗin bariyam guba ne. Amma bariyam kabonet, BaCO₃, wanda shi ma fari ne kuma ba ya narkewa a ruwa, asid ɗin ciki na narkar da shi ya saki gubar. Farin gari biyu, kama ɗaya, ɗaya na hoto ɗaya na kashe ɓera.

Mai Kula da Lab
Wannan bambancin shi ne dalilin da ya sa a gwajin salfet ake fara zuba HCl mai ruwa kafin BaCl₂. In ba a zuba ba, kabonet ma zai ba da farin gari ya kwanta, ɗalibi ya rubuta salfet ya faɗi. Kuma kada a ce za a yi amfani da H₂SO₄ a madadin HCl, ai an zuba salfet ɗin da hannu ke nan, ko ruwan famfo aka gwada zai nuna fari.

Haka idan aka jefa kalsiyam ko dutsen farar ƙasa a H₂SO₄: ya fara kumfa, can sai ya tsaya cak. Ba asid ne ya ƙare ba, CaSO₄ ne ya lulluɓe shi. A yi amfani da HCl in ana son CO₂.

Magniziyam kuma a kankare zirinsa da samfefa kafin gwaji. In ya kama wuta ba a zuba ruwa, ba a fesa abin kashe gobara na CO₂, domin yana ƙwace oksijin daga CO₂ ɗin ya ci gaba da ci ya bar baƙin gawayi. Busasshen yashi ne maganinsa.

Injiniyan Ruwa
Kabonet ɗinsu ma na da jeri: idan ana gangarowa suna ƙara taurin kai a wuta. MgCO₃ ba ya buƙatar zafi mai yawa ya saki CO₂, CaCO₃ sai wajen digiri 850 zuwa 900, BaCO₃ sai an haura 1300. Dalili shi ne ƙaramin ayon yana jan ilektiron na kabonet ya karkata shi har ya ɓalle, babba ba ya iyawa sosai. Wannan mataki na CaCO₃ → CaO + CO₂ shi ake yi kullum a tukunyar siminti a Kalambaina da Ashaka. Farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi a garuruwan da ruwan rijiyarsu ke da nauyi shi ma CaCO₃ ne, ruwan lemon tsami ko binega na cinye shi.

Ɗalibin Digiri na Biyu
Ku lura da abin da ke maimaita kansa: ɗan farin kowane rukuni ba ya bin gidansu. Lithiyam ya fi kama da magniziyam da ke gefensa ta ƙasa. Shi kaɗai ne a rukuni na 1 ke haɗuwa da naitirojin na iska ya ba da Li₃N, kabonet ɗinsa na rushewa da zafi alhali na sodiyam narkewa kawai yake. In an ƙona su a iska ma kowa da nasa: lithiyam Li₂O, sodiyam yawanci Na₂O₂, fotasiyam KO₂.

Fulorin ma haka yake a rukuni na 17, wanda tsofaffin littattafai ke kira na 7.

Malamar SS2
Yauwa, nan ma akwai ƙura. Muna koyar da cewa a wannan rukunin zafin nama raguwa yake idan ana gangarowa, fulorin ne sarki domin ya fi kowa son karɓar ilektiron. Haka ne?

Ɗalibin Digiri na Biyu
Rabin farko haka ne, dalilin ne ke da gyara. Kuzarin da atam ke saki in ya karɓi ilektiron, a kJ/mol: fulorin 328, kulorin 349, buromin 325, aidin 295. Kulorin ya fi fulorin. Atam ɗin fulorin ya yi ƙanƙanta har ilektiron bakwai da ke zoben waje sun cunkushe, baƙo na takwas na shan turi.

Sarautar fulorin daga wuri biyu take. Na farko, igiyar da ke ɗaure F da F rarrauna ce, 158 kawai, ta kulorin 242, ta buromin 193, ta aidin 151. Jari kaɗan ke nan. Na biyu, ayon ɗinsa ƙarami ne, ruwa na sakin sama da 500 in ya kewaye shi, na kulorin bai kai 400 ba. Riba mai yawa. Lithiyam riba gare shi da jari mai tsada, fulorin ya haɗa riba da arha, shi ya sa ba mai tare masa hanya: +2.87 V, kulorin +1.36, buromin wajen +1.07, aidin +0.54. Sai 1886 Henri Moissan ya iya ware shi a Faransa, shekara 112 bayan Scheele ya samar da kulorin a 1774.

Tsohon Malami
Wannan gyaran na yarda da shi ba ja. Amma a aji gwajin ture juna ya wadatar: Cl₂ + 2KBr → 2KCl + Br₂. Na sama yana korar na ƙasa daga gishirinsa, na ƙasa ba ya iya korar na sama. Fulorin ba ya shiga gwajin, domin kafin ya kai ga gishirin ya far wa ruwan kansa ya fitar da oksijin.

Mai Kula da Lab
A takarda sauƙi gare shi, Malam, a kan tebur yana ba da kunya. Ga yadda zai fito. Kwalaben gwaji uku, kowace cm³ 2 na KCl, KBr, KI, ƙarfin 0.1 mol a lita. A ɗiga ruwan kulorin kaɗan-kaɗan. Ta farko ba canji, ta biyu rawaya zuwa ruwan lemo, ta uku ruwan ƙasa. Matsalar ita ce buromin mai yawa da aidin kaɗan kusan launi ɗaya ne a ruwa. A zuba cm³ 1 na saikuloheksen, a toshe, a girgiza, a bari ya kwanta. Saman zai rabu: buromin ruwan lemo, aidin shunayya mai kyau. In babu shi, ɗigon ruwan sitaci ya isa, aidin zai koma shuɗi mai duhu kusan baƙi, buromin ba zai yi ba.

Abubuwa uku ke ɓata shi. Ruwan kulorin da ya kwana biyu a farar kwalba kusa da taga ya mutu, rana ta mayar da shi HCl da oksijin. A haɗa sabo, a ajiye a kwalba mai duhu. KI da ya daɗe yakan yi rawaya da kansa saboda iska ta fara sakin aidin, sai ya nuna sakamako tun ba a zuba komai ba. Na uku, cika kulorin: in aka yi ta zubawa a kan KI, ruwan ƙasan zai fito sannan ya ɓace, domin kulorin ya wuce da aidin gaba zuwa ayodet mara launi. Wanda ya zuba da yawa a tashi ɗaya sai ya ce ba abin da ya faru.

Mai Haɗa Magunguna
Rawayar KI ɗin nan ita ce dalilin da ya sa a ƙasashe masu zafi ake sa fotasiyam ayodet a gishirin girki don maganin maƙoƙo, ba ayodaid ba. Ayodet ya fi jure zafi da danshi.

Sai a ja kunnen ɗalibai kan bambancin halojin, wato ɗan rukuni na 17, da ayon ɗinsa. Fulorin ne gwanin ƙwace ilektiron, amma a wurin bayarwa jerin juyawa yake: ayodaid ne mai sakin hannu. A ɗiga H₂SO₄ mai kauri a kan NaCl, farin hayaƙin HCl kawai za a gani. A kan NaBr, hayaƙi ruwan lemo na buromin da SO₂ su biyo baya. A kan NaI, baƙin aidin da warin ruɓaɓɓen ƙwai na H₂S. Wannan sai a akwatin zuƙe hayaƙi.

HF kuma, wato asid ɗin fulorin, littafi na kiransa asid mai rauni, HCl da HBr da HI masu ƙarfi. Raunin na rabuwa a ruwa ne kawai. Yana cin gilashi, yana ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, ya je ya kama kalsiyam na jiki. Duk inda ake aiki da shi dole a ajiye man kalsiyam gulukonet a kusa.

Injiniyan Ruwa
A kai wannan gida ma. Bilic ɗin wanki NaOCl ne. In aka gauraya shi da ruwan wanke masai mai asid, kulorin ke tashi: NaOCl + 2HCl → NaCl + H₂O + Cl₂. Iskar ta fi iskar shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi, tana kwanciya ƙasa, daidai inda mai wankin ya sunkuya, a ɗaki mara taga. Kowanne a yi amfani da shi shi kaɗai, a ɗauraye sosai kafin ɗayan. A ruwan sha kuwa abin da ake so ya rage bayan minti 30 da zubawa shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. Ruwa mai laka yana cinye kulorin kafin ya taɓa ƙwayoyin cuta, sai a tace tukuna.

Malamar SS2
Gwajin AgNO₃ na gane kulorayid da buromaid da ayodaid fa? Yara na rikita fari da ruwan madara.

Mai Kula da Lab
Ido ba ya raba su da kyau, amoniya ke rabawa. A fara da HNO₃ mai ruwa, ba HCl ba, in ba haka ba an zuba kulorayid da hannu. Sai AgNO₃. AgCl fari, yana narkewa a amoniya mai ruwa. AgBr ruwan madara, sai amoniya mai kauri. AgI rawaya, ko mai kaurin ba ya motsa shi. Fulorayid ba ya ba da komai, AgF narkewa yake, ɗan fari ya sake bauɗewa. A yi da ruwan da aka tace ta tururi, na famfo na da kulorayid. A duba launi nan da nan, haske na mayar da su toka-toka.

Tsohon Malami
Rukuni na 18, na iskoki irin su heliyam da agon da zenon, ba sai an daɗe ba. Zobensu a cike yake, shi ya sa mai walda ke feso agon a kan alminiyam don iska kada ta taɓa narkakken ƙarfen. Amma a daina cewa ba sa haɗuwa da komai. A 1962 Neil Bartlett a Kanada ya lura PtF₆ na ƙwace ilektiron daga O₂, ya ga kuzarin cire na zenon, 1170, kusan ɗaya ne da na O₂, ya haɗa su ya sami daskararren abu rawaya mai ruwan lemo. Dokar nisa daga cibiya ce dai ta yi aiki: heliyam 2372, zenon rabin haka.

Malamar SS2
Allah ya saka da alheri. Tambayar ƙarshe ga Yaya Mai Kula da Lab: makarantar da ta gaji tsohuwar kwalbar fotasiyam ko sodiyam a sito, yaya za ta yi da ita?

Mai Kula da Lab
A duba ta waje kafin a buɗe. Sodiyam mai farin ɓawo ko toka-toka, in mai ya rufe shi, ba matsala, a yanke ɓawon a yi aiki da cikin. In man ya ja baya a ƙara man farafin ko busasshen kananzir har ya nutse. Lithiyam shi yawo yake a saman mai, nauyinsa 0.53 kawai a cm³, sai a shafe shi da basilin ko a danne shi.

Fotasiyam in ɓawonsa ya yi rawaya ko ruwan lemo, KO₂ ne ya taru. Kada wuƙa ta taɓa shi. Yankan na tura ɓawon cikin ɗanyen ƙarfe ga mai a gefe, yana iya fashewa a hannu. A bar kwalbar a rufe, a nemi sashen kimiyyar sinadarai na jami'a mafi kusa su ɗauka.

Ɓurɓushin sodiyam da ya rage a tayil da wuƙa da takardar tacewa ba a jefa shi a kwandon shara ko a rariya. A zuba isofurofanol ko ethanol a buɗaɗɗen kofin gilashi, wajen cm³ 50 ga abin da bai kai rabin giram ba, nesa da wuta, a riƙa sakawa ɗan ƙanƙani ɗaya bayan ɗaya, sai kumfar wani ta tsaya a sa wani. Na fotasiyam ethanol ya yi masa zafi, tashiyari butanol ake sa masa. In kumfa ta ɗauke gaba ɗaya a bar shi awa guda, a motsa a tabbatar ba sauran ƙwallo a ƙasa, sannan a ɗiga ruwa a hankali, a kashe kaifinsa da asid mai ruwa, a zubar da ruwa mai yawa. Bokitin busasshen yashi ya kasance a gefen ƙafa tun daga farko, a kuma taɓa shi da hannu a tabbatar damina ba ta jiƙa shi ba.